Hanjinka ba kwata ba ne, bai buƙatar wanki

Makon da ya wuce ƙanwata ta turo min wani bidiyo a WhatsApp, ta rubuta a ƙasansa "Yaya dan Allah kalli wannan, nima so nake na saya." Na buɗe. Wata mata ce cikin farar riga irin ta likitoci, riƙe da kwalin wani shayi, tana bayani wai kowane mutum yana yawo da kilo biyar ko fiye na tsohon kashi da ya manne a bangon hanjinsa shekara da shekaru, wai shi ne ke kawo kasala da ƙuraje da warin baki da tumbi da ciwon kai. Sai aka nuno hoton wani abu baƙi dogo kamar igiya an shimfiɗe shi a kan farin tayil, aka ce wannan daga cikin wani bawan Allah ya fito bayan ya yi kwana bakwai yana shan shayin.

Raina ya ɓaci sosai, kuma zan faɗi matsayata tun yanzu kar a yi ta jira. Hanjin mutum mai lafiya baya buƙatar a wanke shi, ba da shayi ba, ba da gari ba, ba da ruwan da ake ɗurawa ta dubura da inji ba. Babu wani datti da ya manne a ciki. Masu sayar da waɗannan kayan maganin zawo suke sayar maka cikin kwali mai kyau, kuma abun yana iya cutar da kai ta hanya biyu, ya kwashe maka ruwa da gishirin jiki, sannan ya sa ka yi ta jinkirin zuwa asibiti alhali akwai ciwo na gaske.

Ba a labari na ji ba. Shekara biyu da suka wuce wani abokin aikina ya shiga irin wannan wankin cikin, kwana biyar yana sha safe da yamma, kullum sai ya tashi zuwa banɗaki sau bakwai sau takwas yana dawowa yana ce mana ai alhamdulillah dattin yana ta fita. Rana ta biyar ya miƙe daga kujera zai ɗauko takarda, sai kawai muka ji ƙarar faɗuwa. Ni na tallafo kansa. Leɓɓansa sun bushe sun tsage, idanunsa sun faɗa ciki, hannunsa sanyi ƙalau, kuma sharaɓarsa ta ɗaure tamau yana ta cije baki saboda zafi. A asibiti aka sa masa ƙarin ruwa, aka ɗebi jininsa, likitar ta dawo ta ce sinadarin fotashiyam ɗinsa ya yi ƙasa sosai, kuma shi wannan sinadarin bugun zuciya ya dogara da shi. Abun da har yau bai bar raina ba shi ne, yana kwance ledar ruwa na ɗiga a hannunsa, ya juyo ya ce min a hankali "da na ƙarasa kwana bakwan ai da na warke gaba ɗaya."

Wai ina dattin yake ne?

Mutane sun ɗauki hanji kamar bututun roba ko kwatar da ake zuba wanke-wanke, wadda in an daɗe ba a kwashe ba sai ta toshe ta yi wari. Da wannan hoton ake cin kasuwar, kuma hoton ne ba daidai ba.

Babban hanji tsawonsa kusan mita 1.5 ne, nama ne mai rai, yana motsi dare da rana yana tura abun da ke cikinsa gaba. Aikinsa shi ne ya tsotse ruwa da gishiri daga ragowar abincin da ƙaramin hanji ya gama da shi, kusan lita ɗaya da rabi na ruwa ke shigo masa kullum, ya mayar wa jiki da mafi yawa, ɗan kaɗan ne ke fita da bayan gida. Bangonsa na ciki a lulluɓe yake da majina mai santsi, kuma ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon ba sa daɗewa, cikin 'yan kwanaki ƙasa da mako guda sun zube wasu sababbi sun maye gurbinsu. To ka gaya min, ta yaya abu zai manne shekara goma a bangon da shi kansa baya kai mako guda?

Kuma ba hasashe ake yi ba, ana leƙawa. Kullum a asibitocin duniya likitoci suna zura siririyar kyamara ta dubura su duba babban hanji tun daga ƙarshe har farko, wasu kuma suna buɗe ciki su yi tiyata su riƙe hanjin da hannunsu. Suna ganin ƙari, suna ganin gyambo, suna ganin kumburi. Wannan ɓawon tsohon kashin da ake ta magana a kai dai ba sa ganinsa.

Guba kuwa, jiki yana da masu aikinta. Hanta ce ke sarrafa abubuwa masu cutarwa ta canza su, ƙoda kuma ta tace jini, kusan lita 180 take tacewa a rana ɗaya ta fitar da abun da ba a so ta fitsari. Ka tambayi duk mai tallan shayin nan wace guba ce takamaimai kayansa ke fitarwa, ya faɗi sunanta, ya nuna gwajin jini kafin a sha da bayan an sha. Ni dai ban taɓa samun wanda ya amsa ba, sai dai a yi ta maimaita "guba" da "datti".

To igiyar da ake nunawa a hoto fa?

Wannan tambayar ita ƙanwata ta fara yi min, kuma tana da gaskiyar tambaya, don ido ya gani. Amsar tana jikin kwalin. Da yawa daga cikin garin wankin hanjin nan haɗi ne na ɓawon wani iri da ake kira psyllium, wanda in ya sha ruwa yake kumbura ya yi yauƙi, da wani farin yumɓu mai suna bentonite. Zuba su a kofi da ruwa ka ajiye ka dawo, zaka tarar sun daskare sun yi danƙo. To haka suke yi a ciki, su bi siffar hanji, bayan gida ya rina su, su fito kamar igiya. Abun da ka saya ka sha shi ne ya fito, sai aka ce maka ka gani ko, ga dattin shekaru.

"Amma ni na sha kuma na ji sauƙi"

Ban ƙaryata ka ba. In mutum ya yi kwana uku huɗu bai yi bayan gida ba, ciki ya cushe ya yi nauyi, duk abun da ya sa cikin ya saki zai ji daɗi, kansa ma ya yi sakayau. Amma wannan sauƙin na sakin ciki ne. Sannan galibin masu wankin nan ana ce musu a cikin makon su bar soye-soye da kayan zaƙi da lemon kwalba su yawaita shan ruwa, to wa zai yi haka mako guda bai ji canji ba? Sai a ɗauki yabon a ba shayi.

Maganar rage ƙiba kuma, sikeli zai nuna kilo ɗaya ko biyu sun tafi, gaskiya ne, amma ruwa ne da abun da ke cikin hanji. Abincin da ke zama kitse tun a ƙaramin hanji aka tsotse shi, kafin ya iso inda maganin ke aiki. Kwana biyu da dainawa nauyin ya dawo, sai mutum ya ce to bari na sake sayen wani kwalin.

Ra'ayin nan tsoho ne, kuma an gwada shi

Abun da mutane da yawa ba su sani ba shi ne su kansu likitoci sun taɓa yarda da wannan maganar, har sun yi ɓarna da ita. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 ra'ayin da ake yayi a Turai da Amurka shi ne kashi yana ruɓewa a hanji ya sa wa jiki guba, shi ke kawo kusan kowace cuta. John Harvey Kellogg, likitan da ke tafiyar da wani katafaren gidan jinya a Battle Creek ta jihar Mishigan, ya yi suna wajen ɗura wa majinyata ruwa mai yawa ta dubura. A Landan kuma wani babban likitan tiyata, William Arbuthnot Lane, abun nasa ya wuce nan, yanke babban hanjin yake yi ya cire saboda ya yi imani nan ne matattarar guba, kuma a wancan zamanin tiyata irin wannan ba kowa ke tashi ba.

Da aka zo aka bincika ba a samu gubar ba. Wani likita Ba'amurke, Walter Alvarez, tun a 1919 ya rubuta yana ƙalubalantar ra'ayin, kuma hujjar mai sauƙi ce kowa zai gane: mai cushewar ciki da zarar ya yi bayan gida nan take ciwon kan da nauyin jikin suke sauka, in da guba ce a cikin jini ai ba zata ɓace cikin 'yan mintuna ba. Cikowar hanjin ce da miƙewarsa ke jawo rashin jin daɗin. A hankali likitanci ya ajiye wannan ra'ayin, 'yan kasuwa suka tsince shi, yau gashi an sa masa sabon kwali an kawo mana ta TikTok kamar wani sabon ilimi.

"Ai ganye ne, baya illa"

Wannan maganar tana min ciwo duk sanda na ji ta. Yawancin shayin wankin cikin nan in ka juya bayan kwalin zaka ga an rubuta senna, wato filasko, kuma shi maganin sa zawo ne mai ƙarfi, yana tsokanar hanji ne ya yi ta matsewa. Likitoci ma suna bayar da shi ga mai taurin bayan gida, amma da awo kuma na ɗan lokaci. Mai talla kuwa cewa yake sha kullum, in ka ji murɗa alamar yana aiki ne. Zawo sau takwas a rana zawo ne, ko ganye ne ya kawo shi ko ƙwayar cuta, ruwan da gishirin da ake asara ɗaya ne. Ga mai ciwon ƙoda ko ciwon zuciya ko mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari, ko tsoho, ko mai juna biyu, abun ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Kuma zawo mai tsanani yana iya hana wasu magungunan da mutum ke sha shiga jiki yadda ya kamata, har da ƙwayar tazarar haihuwa, wannan ba zaka ji shi a bidiyon talla ba.

Na injin ma ya fi bani tsoro, wanda ake kwantar da mutum a zura masa tiyo a yi ta tura ruwa lita-lita ana zuƙewa. An samu waɗanda hanjinsu ya huje ta haka. Tsakanin 1978 da 1980 a jihar Kolorado ta Amurka, wani wurin da ake wannan wankin ya yaɗa ƙwayar cutar atuni ta amiba ta hanyar injin da ba a tsaftace shi da kyau, mutum 36 aƙalla suka kamu, 10 sai da aka yanke musu hanji, 6 suka mutu. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da irin waɗannan injinan ne don buƙatar asibiti kamar shirya mutum kafin gwaji, bata amince a riƙa yi wa mai lafiya don wai ƙarin lafiya ba. Akwai kuma masu ɗura ruwan kofi ta dubura, shi ma an rubuta mace-mace a kansa tun 1980 saboda rikicewar gishirin jiki.

Sannan akwai waɗanda ake korowa ba tare da laifin komai ba. Babban hanji gida ne na ƙwayoyin bakteriya tiriliyoyi, kuma mafi yawansu aiki suke mana. Su ne ke cinye harzar abincin da mu ba ma iya narkarwa, su samar da wani sinadari da shi ne babban abincin ƙwayoyin bangon hanjin, suna haɗa bitamin K da wasu daga cikin bitamin B, suna kuma tare wuri kada masu cutarwa su samu gindin zama. Su ne fa ake kira datti.

"To ai likitoci ma suna wanke hanji"

Suna yi, kuma nan ne ya kamata a yi adalci. Kafin a zura kyamarar nan ana ba mutum magani ya sha hanjin ya fita fes, don likita ya ga bangon sosai kada ƙaramin ƙari ya ɓuya. Sau ɗaya ne, da dalili, bayan an tambayi lafiyar ƙodarka da magungunan da kake sha. Duk da haka a 2008 sai da FDA ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kan wani nau'in maganin shirin, mai sodiyam fosfet, saboda an ga yana lalata ƙodar wasu. In wanda ake bayarwa ƙarƙashin idon likita yana da wannan haɗarin, ina ga wanda aka aiko maka a leda ba ka san me ke ciki ba?

Akwai ma yanayi guda da gubar hanji ke hawa kai da gaske, shi ne ga wanda hantarsa ta lalace sosai, sinadarin amoniya ya taru a jini har mutum ya rikice, sai a bashi wani magani mai suna lactulose ya riƙa sakin ciki. Amma ka lura, sai da hanta ta gaza. Mai lafiyayyar hanta wannan aikin ana yi masa shi kullum yana barci ma.

Abun da ya fi damuna

Duk waɗannan da na lissafa ba su kai wannan ba a wurina. Mutum zai fara ganin jini a bayan gidansa, ko bayan gidan ya canza masa makonni, yau gudawa gobe tauri, ko ya ga yana ramewa ba dalili, ko a ce masa jininsa ya yi ƙasa ba a san ta ina yake zuba ba, maimakon ya nufi asibiti sai a ce masa dattin ciki ne ko basir ne, ga shayi. Ya sha wata uku, ya canza wani kamfanin ya ƙara wata uku. Waɗannan alamomin da na faɗa suna iya zama abu mai sauƙi, sau da yawa ma hakan ne, amma kuma su ne alamomin kansar babban hanji, wadda ita ce ta uku a yawa cikin kansa a duniya kuma ta biyu wajen kisa, kusan mutum miliyan 1.9 ke kamuwa a shekara, sama da dubu 900 ke mutuwa.

Abun takaicin shi ne tana cikin kansar da ake iya tarewa. Galibi tana farawa ne da ɗan ƙaramin tsiro a bangon hanji wanda ke ɗaukar shekaru kafin ya rikiɗe, in an gan shi da kyamara a nan take ake cire shi. Kuma ba ta tsofaffi kaɗai bace, Chadwick Boseman ɗan wasan fim ɗin nan na Amurka ita ta kashe shi a 2020 yana da shekara 43. A 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan uwansa na jini ya taɓa yi, ya kamata ya gaya wa likita tun kafin nan. Duk watan da aka ɓata ana shan shayi, ciwon ba tsayawa yake ba.

Me hanjin ke so?

Ba abu mai tsada bane, shi ya sa babu mai yi masa talla. Harza yake so, wato abun nan na cikin tsirrai da baya narkewa, wanda ke riƙe ruwa ya sa bayan gida ya yi laushi. Wani likitan tiyata ɗan Ailan, Denis Burkitt, da ya daɗe yana aiki a Yuganda, shi ya yi ta jan hankalin duniya kan wannan a shekarun 1970, bayan ya lura cututtukan hanji da suka yi yawa a Ingila ba kasafai yake ganinsu a mutanen da abincinsu ke cike da harza ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa babba ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana, da giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Wake da danginsa, hatsin da ba a cire masa dusa ba, ganyaye, ɗan itacen da aka ci da kansa ba wanda aka matse aka zubar da tuƙar ba. Amma a ƙara a hankali, in ka tashi rana ɗaya ka cika ciki da wake iska zata dame ka, sai ka ce abun bai karɓe ka ba. A haɗa da ruwa, da tafiya a ƙafa, don hanjin wanda ke zaune wuni guda shima kasala yake.

Naman da aka sarrafa irin su sosej da na gwangwani a rage, a 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanji. Taba da giya ma suna ƙara haɗarin. In bayan gida ya matso kada a yi ta riƙewa don ana aiki ko ana kunya, yana daɗewa hanji na ƙara tsotse ruwansa yana ƙara tauri.

Kuma dan Allah a cire wa rai cewa dole sai kullum. Daga sau uku a rana har sau uku a mako duk lafiya ne in dai yana fita ba wahala kuma haka jikinka ya saba. Mutane nawa ne ke shan maganin zawo don kawai sun tsallake rana ɗaya, an tsorata su cewa guba na taruwa.

Da na gama yi wa ƙanwata wannan dogon bayanin a waya sai ta yi shiru, can ta ce "to Yaya ni fa kwana huɗu kenan ban yi ba, cikina kamar dutse." Na tambaye ta tun yaushe abun ya fara, ta lissafa, ashe tun makon da aka bata ƙwayar ƙarin jini a asibiti ne, mai sinadarin ƙarfe, wadda an san tana busar da bayan gida har ta mayar da shi baƙi. Bata taɓa haɗa biyun ba, ta ɗauka dattin da matar bidiyon ke faɗa ne. Na ce kada ta daina maganin da kanta, ta koma wurin likitan da ya rubuta mata. Ta koma ranar Litinin, ya canza mata yadda zata riƙa sha ya ƙara mata wani mai laushi na 'yan kwanaki, ya kuma ce ta dawo bayan wata ɗaya a sake auna jinin.